Yadda Ake Rainon Abokin Tafiya a Jerin Wasannin Kwamfuta

Duk wanda ya taɓa zama a shagunan gem na Samaru ko Tudun Wada ya san cewa ƙwallo ce ke da kasuwa, kuma ya san halinta: a biya kuɗi, a buga minti goma, wanda aka ci ya tashi ya ba na bayansa wuri, allo kuma ya koma babu-babu kamar ba a taɓa yin komai ba. Akwai wani nau'in wasa wanda ba ya mantuwa irin wannan. A cikinsa mutum yana jagorantar tawaga ne cikin dogon labari mai kashi-kashi, kuma maganar da ya faɗa wa wani abokin tafiyarsa a kashi na farko tana iya dawo masa a kashi na uku, ko dai ta zama amana ko ta zama gaba. Zan fi dogara da jerin Mass Effect na kamfanin BioWare da ke birnin Edmonton a Kanada, wanda kashinsa uku suka fito a 2007 da 2010 da 2012, domin a nan ne aka fi ganin wannan tsari a fili. Sai dai ina gargaɗin mai karatu cewa ba yadda za a yi bayanin nan ba tare da an tona wasu asiran labarin ba.

Kare fayil ɗin ajiya kafin komai

Mataki na farko ba a cikin labarin yake ba, a cikin kwamfutarka yake. Wasan yana da wani abu mai kama da littafin bashi na mai shago, inda yake rubuta ɗaruruwan ƙananan bayanai: wane yana raye ko ya mutu, an biya wa wance buƙatarta ko ba a biya ba, an yi wa wane magana mai taushi ko mai zafi. Idan ka kammala kashi na farko, wannan littafi yana nan cikin fayil ɗin ajiyarka, kuma lokacin da za ka fara kashi na biyu sai ka zaɓi shigo da tsohon Kwamanda Shepard ɗinka, wato jagoran da kake bugawa a matsayinsa, maimakon ƙirƙirar sabo. Wanda ya ƙirƙiri sabo, wasan ne zai yanke masa tarihin da bai rayu ba, kuma tarihin da yake yankewa ba mai daɗi ba ne, domin a cikinsa Wrex, ɗaya daga cikin manyan abokan tafiya, ya riga ya mutu. Akwai wani gajeren labarin zane mai suna Genesis da ke ba mutum damar zaɓar manyan hukunce-hukunce ƙalilan a gurguje, amma bai san hirarrakin da kuka yi da kowa a cikin jirginku na sararin samaniya ba, don haka maganin dole ne kawai.

Hanya mafi sauƙi a yau ita ce bugun Legendary Edition na 2021, wanda ya haɗa kashi ukun wuri guda tare da kusan dukkan ƙarin labaran da a da ake saye daban. Girmansa ya haura gigabait 100, saboda haka mai dogara da datar waya zai buƙaci darare da yawa kafin ya gama saukewa. A kwamfuta, ajiyar tana zama cikin jakar Documents, a ƙarƙashin jakar BioWare. Ka riƙa kwafe wannan jaka zuwa filash duk lokacin da ka kammala wani babban mataki. Ni kaina na taɓa kai kwamfutata wurin wani mai gyara saboda matsalar da ba ta kai ta kawo ba, ya yi mata fomat ba tare da ya tambaye ni ba, na rasa kashi biyu cur da na kwashe dogon hutu ina bugawa. Haka kuma kada ka dogara da ajiya guda ɗaya tilo, domin idan aka ɗauke wuta daidai lokacin da wasan ke rubuta fayil, yana iya lalacewa. Ka riƙe uku ko huɗu kana juya su. Wannan ne ma ya sa shagon gem bai dace da irin wannan wasa ba, tun da jerin kan ci sa'o'i ɗari ko fiye, kuma ba ka da iko a kan wanda zai zauna kujerar bayanka.

Abu biyu kafin a wuce. Ka kunna rubutun magana a ƙasan allo, domin Turancin da ake yi yana da sauri kuma hukuncinka ya dogara ne da fahimtarsa. Sannan wasan na manya ne, akwai yaƙi da zubar da jini, akwai kuma hanyoyin soyayya da ke kai wa ga abin da ba kowa zai so ya gani ba. Ana iya kauce musu gaba ɗaya ta hanyar ƙin amsa tayin tun daga farko, kuma hakan ba ya rage amanar abokin tafiya.

Hira a cikin jirgi, da abin da take iya canzawa

Yawancin rainon yana faruwa ne a lokacin da ba a yaƙi. Bayan kowane babban aiki, kada ka zarce zuwa na gaba. Ka zagaya jirgin Normandy, ka tsaya wurin kowane abokin tafiya ka yi masa magana har sai ya fara maimaita kansa. Sabuwar hira tana buɗewa ne bayan manyan ayyuka, kuma daga cikin hirar ne buƙatar kowa ta kansa ke fitowa. Wanda bai yi wannan zagaye ba zai iya kammala wasan bai taɓa jin cewa abokinsa na da wata damuwa ba.

Zaɓin magana yana zuwa ne a da'ira. A al'ada, amsar sama a dama ita ce mai taushi, ta ƙasa ita ce mai zafi, tambayoyin neman ƙarin bayani kuma suna hagu. Hanyar taushi da bin ƙa'ida ita ake kira Paragon, launinta shuɗi. Hanyar zafi da cimma buri ko ta halin ƙaƙa ita ce Renegade, launinta ja. A lura cewa abin da aka rubuta a da'irar taƙaitawa ce kawai, kuma wani lokaci abin da Shepard zai furta ya fi shi kaifi nesa ba kusa ba.

Garrus Vakarian shi ne misalin da ya fi cancanta a tsaya a kansa, domin yana nuna ƙarfin wannan tsari da kuma iyakarsa a lokaci guda. Ka same shi ɗan sanda ne a babbar tashar Citadel, matashi mai zafin zuciya wanda ya gaji da dokokin da yake ganin suna ɗaure hannun mai gaskiya su saki mai laifi. Idan kana hira da shi, zai ba ka labarin wani likita mai suna Saleon, wanda ke shuka sassan jiki a cikin ma'aikatansa yana cirewa yana sayarwa, kuma ya taɓa kuɓuce masa. Idan kuka kamo likitan, za ka iya barin Garrus ya kashe shi nan take, ko ka dage a kama shi a kai shi gaban shari'a. Abin lura shi ne ko ka zaɓi kamu, likitan zai yi turjiya ya mutu, sai Garrus ya tambaye ka amfanin wahalar tun da ƙarshen ɗaya ne. Amsar da ka ba shi a nan, tare da sauran hirarrakinku a kan doka da sakamako, su ne ke karkata tunaninsa zuwa ga komawa aikin ɗan sanda da sabuwar fahimta, ko zuwa ga ganin cewa ƙa'ida ɓata lokaci ce.

Amma a kashi na biyu, kowace hanya ka bi da shi, za ka same shi a tashar Omega da laƙabin Archangel, ya tara runduna yana farautar 'yan daba da hannunsa. Mutane da yawa sun ji haushin wannan, suna ganin an watsar da tarbiyyar da suka yi masa. A ganina akwai gaskiya a ƙorafin, domin dalilin a bayyane yake: marubuta ba za su iya gina labari biyu mabambanta ga kowane mutum a tawaga ba, sai su mayar da rassan zuwa gangar itace ɗaya. Duk da haka abin bai saɓa wa hankali ba. Hausawa sun ce hali zanen dutse, kuma ƙin zalunci da rashin haƙuri su ne zanen Garrus. Abin da ke hannunka shi ne yadda zai yi da su idan aka zo gaɓar da ta fi zafi. Gaɓar tana zuwa ne da Sidonis, ɗan rundunarsa da ya ci amana har mutum goma suka mutu. Garrus zai hau sama da bindigarsa ya ce ka janyo mutumin fili. Za ka iya matsawa gefe ya harbe, ko ka tsaya tsakaninsu kana jan Sidonis da magana har Garrus ya ji da kunnensa cewa mutumin ya riga ya zama gawa mai tafiya saboda nadama, ya sauke bindigar. Ta kowace hanya za ka sami amanarsa, saboda haka babu wata riba ta lissafi da za ta yanke maka hukunci. Shawarata ita ce ka dubi abin da ka koya masa a kan Saleon ka ɗore a kai, domin jagoran da ya yi wa'azin shari'a jiya ya kuma ba da izinin kisa yau ya rushe labarinsa da kansa, ko da wasan bai hukunta shi ba.

Zaɓin da ke kashewa

Wani rukunin zaɓin ba ya tsayawa a launin magana, rai yake ɗauka, kuma kusan kullum ana shirya masa ne tun da nisa. Wrex ɗan jinsin krogan ne, al'ummar da aka jefa wa wata cuta da gangan don a karya haihuwarsu. A duniyar Virmire zai ji cewa maƙiyinku ya samo maganin cutar, ku kuma kun zo rushe wurin, sai ya ɗaga maka bindiga. Hanya biyu ce ke fitar da kai lafiya. Ko dai ka zuba isassun maki a fasahar lallashi ko ta tsoratarwa, waɗanda a kashi na farko sai an saye su kamar sauran fasahohi, ko kuma ka riga ka taimaka masa ya ƙwato sulken kakanninsa daga hannun wani ɗan fashi a duniyar Tuntau, buƙatar da yake ambata wa wanda ya saba zama hira da shi. Ka yi aikin sulken kafin ka nufi Virmire. Idan Wrex ya mutu, ɗan'uwansa Wreav ne zai shugabanci ƙabilar Urdnot a kashi biyun da ke tafe, shi kuwa mai neman ramuwar gayya ne, ta yadda tambayar ko a warkar da cutar a kashi na uku za ta zama wata tambaya dabam gaba ɗaya. A Virmire ɗin ne kuma dole ka bar ɗaya tsakanin Ashley Williams da Kaidan Alenko, kuma babu dabarar da ke ceton duka biyun, don haka kada ka ɓata dare kana nema.

Daga nan zaren yana ƙara sarƙewa. A kashi na biyu, masanin kimiyya Mordin Solus zai tarar da bayanan binciken da tsohon ɗalibinsa Maelon ya tara ta hanyar gwaji na rashin imani a kan matan krogan. Zuciya za ta ce a ƙone su. Idan aka adana su, macen krogan da ake kira Eve za ta rayu a kashi na uku. Idan aka ƙone, za ta mutu. Mordin kansa yana tsira a kashi na uku ne kawai idan Wreav ke mulki, Eve kuma ta mutu, sannan ka shawo kansa ya bar maganin, wato rayuwarsa tana rataye ne a kan asarar wasu biyu. Idan kuma ka yaudari Wrex ka lalata maganin a ɓoye, zai gano, ya biyo ka Citadel, kuma ba zai fita da rai ba.

Kashi na biyu yana ƙarewa da tafiyar ko a mutu ko a yi rai, inda kowane ɗaya daga cikin abokan tafiya goma sha biyu zai iya mutuwa, wanda ya mutu kuma ba zai bayyana a kashi na uku ba. Shirinta a taƙaice shi ne ka sayi gyare-gyaren jirgi uku, wato sulke da garkuwa da babbar bindiga, waɗanda Jacob da Tali da Garrus ke kawo shawararsu, ka kuma biya wa kowa buƙatarsa, ban da Legion da sai a can za ka same shi, kafin ka je ɗauko na'urar shaida daga mataccen jirgin Reaper, wato manyan maƙiyan da ake yaƙa a jerin, domin daga nan lokaci zai fara ƙurewa, kuma da zarar an sace ma'aikatan jirginka jinkiri yana cin rayukansu. A cikin aikin, ka ba kowa abin da ya iya: Tali ko Legion ko Kasumi su shiga bututu, Garrus ko Miranda ko Jacob su ja runduna ta biyu, Samara ko Jack su riƙe garkuwar kariya, masu ƙarfi irin Grunt da Zaeed kuma a bar su tsaron ƙofa. Idan waɗanda suka tsira ba su kai biyu ba, Shepard ma zai mutu, kuma wannan fayil ba ya shiga kashi na uku.

Akwai tarko guda da ya kamata a sani. A kashi na biyu, zaɓin lallashi mai launi yana buɗewa ne ga wanda ya tara maki sosai a gefe ɗaya, saboda haka mai raba ƙafa tsakanin taushi da zafi yana iya samun kansa ba shi da bakin raba rigimar Miranda da Jack, ko ta Tali da Legion, sai ya goyi bayan ɗaya ya rasa amanar ɗayan. Wannan aibi ne a tsarin, domin yana hukunta mai auna kowane lamari da ma'auninsa, kuma a kashi na uku an gyara shi ta hanyar haɗa makin biyu su zama suna guda. Amma tun da haka kashi na biyu yake, gara ka karkata gefe ɗaya a mafi yawan lokuta.

Tali ta nuna yadda ƙananan alheri ke taruwa. A kashi na biyu, mutanenta za su gurfanar da ita bisa zargin cin amana, hujjar da za ta wanke ta kuma ita ce za ta zubar da mutuncin mahaifinta da ya rasu, don haka za ta roƙe ka kada ka fito da ita. Idan ka fito da ita, ka rasa amanarta. Idan ba ka da makin lallashi, akwai sauran hanya: ka tayar da jama'ar da ke zauren, amma wannan yana aiki ne kawai idan tun farkon wasan ka bar wani ɗan jinsinta mai suna Veetor ya koma gida tare da ita, ka kuma tsare ran wani sojansu mai suna Kal'Reegar a duniyar Haestrom, domin su ne za su miƙe su yi magana. Yadda shari'ar ta ƙare, da yadda ka raba rigimarta da Legion, da kasancewar su biyun a raye, suna cikin abin da wasan ke dubawa kafin ya ba ka damar sulhunta al'ummominsu biyu da ke yaƙi da juna a kashi na uku. In babu wannan dama, dole ɗaya ta hallaka.

Sauran jeri suna da nasu salon. A Dragon Age na wannan kamfani, wanda ya fara a 2009, jimla ɗaya da za ka faɗa wa abokin tafiyarka Alistair bayan wadda yake ɗauka 'yar'uwarsa ce ta wulaƙanta shi a birnin Denerim tana iya taurara zuciyarsa, ya fi yarda da hawa karaga. Gwargwadon hukuncinka kuma za ka iya sake ganinsa a matsayin sarki, ko jarumi, ko mashayi a birnin Kirkwall. A kashin Inquisition na 2014, Leliana, shugabar 'yan leƙen asirinka, za ta ba da umarnin kashe wani ɗan leƙen asirinta da ya ci amana tun a farkon wasan, kuma wanda ya tsaya yana kallo bai ce uffan ba ya riga ya zaɓa, domin shirun yana rufe hanyar tausasa ta daga baya. Wannan kashi ba ya karanta tsohon fayil, sai an shiga shafin Dragon Age Keep an cike tarihin da hannu, kashin Veilguard na 2024 kuwa zaɓi uku kacal ya ɗauko daga baya. Saboda haka kafin ka zuba watanni a wani jeri, ka bincika yawan abin da yake ɗaukowa daga kashi zuwa kashi.

Idan abin ya ɓaci

Jarabawar da kowa ke faɗawa ita ce komawa tsohuwar ajiya duk lokacin da sakamako bai yi daɗi ba. Ina bambanta abu biyu a nan. Idan ka danna abin da ba ka nufa ba, ko taƙaitawar da'irar ta yaudare ka, ko Turancin ya shige maka duhu, koma ka gyara, babu laifi. Amma idan ka fahimci zaɓin ka yanke da saninka, ka bar shi ya tsaya a bugunka na farko, domin an rubuta wa rashin kowa abin da zai biyo baya, kamar yadda wani masani mai suna Padok Wiks ke maye gurbin Mordin idan ya mutu, kuma wanda ke goge kowace asara ba zai taɓa ganin wannan ɓangare ba. A bugu na biyu sai ka canza babban hukunci guda ɗaya tak, misali makomar Wrex, ka bi sawunsa har ƙarshe, domin idan ka canza komai a lokaci ɗaya ba za ka gane wanne ya haifi wanne ba. Ƙaramin littafi da kake rubuta manyan hukuncinka a ciki zai taimaka, musamman ga ɗalibin da zangon karatu zai raba shi da wasan wata uku.

A kashi na uku, ka riƙa duba saƙonnin Shepard, domin abokan tafiya suna aiko da gayyatar haɗuwa a Citadel, kuma a irin wannan ce Garrus zai kai ka saman ginin da doka ta hana hawa ku yi gasar harbin kwalabe, inda za a ba ka zaɓin ka ci shi ko ka kuskure da gangan. Ƙarin labarin nan mai suna Citadel, wanda ya fito a 2013 kuma yana cikin bugun 2021, yana ƙarewa da walima a gidan Shepard, kuma waɗanda suka tsira daga kashi ukun ne kaɗai ake iya gayyata. Ka jinkirta walimar har sai ka gama da batun krogan da na mutanen Tali ka kuma sake haɗuwa da tsofaffin abokan kashi na biyu, amma ka yi ta kafin ka kai hari hedikwatar ƙungiyar Cerberus da kuke yaƙa a ƙarshen wasan, domin daga wannan hari babu sauran komawa Citadel don hira, kuma a daidai nan ya kamata ka yi ajiya ta daban ka kwafe ta zuwa filash.